Daga lise zuwa gaban alƙali: yadda ake zama masanin halayyar ɗan Adam na asibiti da na kotu

Duk shekara idan sakamakon bak ya fito, sai na yi baƙi a zaure. Bara wani dattijo ne daga unguwar Bagalam ya zo da ɗiyarsa bayan la'asar. Da muka gama gaisawa ya gyara zama ya ce: "Malam, yarinyar nan ta kafe sai sikoloji za ta karanta. Ni abin da na ji, karatun mahaukata ne, kuma mai yawan zama da su shi ma ƙarshe taɓuwa yake yi. Ka gaya mini tsakaninka da Allah, akwai abinci a ciki?" Ita kuwa ɗiyar, kanta a sunkuye, abin da ke ranta daban ne. Ta kalli finafinan nan da ake kiran wani gwani ya dubi mai laifi ido cikin ido ya karanto abin da ke zuciyarsa, shi take son zama. Uba da ɗiya duka sun baude, kowa ta gefensa. Abin da na shafe yammacin nan ina faɗa musu shi ne zan rubuta a nan, daki-daki, don mai son bin hanyar daga Maraɗi.

Ka fara sanin wane ne wane

Mutum uku ake cuɗawa a garin nan, duka a kira su "likitan mahaukata". Na farko likitan ƙwaƙwalwa ne: ya gama dogon karatun likita, ya ƙara shekara 4 na ƙwarewa, shi ke rubuta magani, shi ke kwantar da mara lafiya. Na biyu ma'aikacin jinya ne da ya ƙware kan lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma a asibitocin jihohi galibi su ne ke ɗauke da nauyin aikin. Na uku shi ne sikolog, masanin halayyar ɗan Adam. Ba ya rubuta ƙwaya ko allura. Kayan aikinsa hira ce, da lura, da gwaje-gwajen auna tunani, da alƙalami. Idan yana aiki da masu jinya, sunansa na asibiti. Idan alƙali ya ɗauko shi ya binciki wanda ake tuhuma ko wanda aka zalunta, ya zama na kotu.

Na kotun nan ba wata makaranta ce daban da za ka shiga daga bak ba. Reshe ne da ke tsirowa a jikin aikin asibiti. Wanda bai zauna da ɗaruruwan masu jinya ba, bai ga yadda ciwon gaske yake ba, ba shi da ma'aunin da zai gane na ƙarya ranar da aka kawo masa shi daga gidan kaso. Saboda haka duk mai ɗokin kotu ya haɗiye ɗokinsa tukuna.

Mataki na 1: tun kana lise

Bak A ko bak D, kowanne na kai ka. Ɗan A yakan zo da saukin rubutu da falsafa, ɗan D yakan zo da ilimin halittu da lissafi, kuma kowannensu zai ji jiki a ɓangaren da ya raina. Abu uku nake cewa a riƙe. Faransancin rubutu, domin rayuwarka duka rahoto ce, kuma rahoton da alƙali ya karanta sau biyu bai gane ba ya mutu. Lissafin ƙididdiga, domin shi ke kayar da ɗalibai a shekarar farko. Sai Ingilishi, domin mafi yawan sabon bincike a cikinsa yake fitowa, ga kuma Katsina a bakin ƙofa.

Na huɗun ba a koyar da shi a aji: Hausarka. Ka zauna wurin tsofaffi ka ji yadda suke kwatanta ciwon rai. Ka sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta kalmomin. Za ka gode mini nan da shekara biyar.

Mataki na 2: lisans, shekara 3

Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta nan Maraɗi an san ta da kimiyya, noma da lafiya. Hanyar sikoloji kuwa Yamai ta nufa, wajen kilomita 660 a kan babbar hanya, zuwa Jami'ar Abdu Mumuni, tsangayar adabi da ilimin ɗan Adam, inda sashen yake. Tsarin karatun shi ne LMD: lisans shekara 3, masta shekara 2, doktora shekara 3. Kowane zangon karatu maki 30 ne na kiredi, lisans 180, masta 120. Ka kai dosiyenka hukumar ANAB da wuri don neman tallafin karatu, ka kuma nemi inda za ka sauka tun kafin ka hau mota, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka sa a ranka cewa shekara uku ta takarda takan ja ta wuce haka.

Shekarar farko takan ba mutane mamaki. Ka zo ne ka ga masu taɓin hankali, sai ka iske ana maganar jijiyoyin ƙwaƙwalwa, da yadda ido ke gani, da yadda ake tuna abu a manta, da ɗakin gwajin da Wilhelm Wundt ya buɗe a Laifzig ta Jamus a 1879, da matakan girman tunanin yaro na Jean Piaget. Kada ka raina waɗannan. Darasin tunawa da mantuwa da kake hamma a cikinsa, shi ne ƙashin bayan aikin kotu. Darasin girman yaro kuma shi zai hana ka tambayar ɗan shekara huɗu ranar sati da ƙarfe nawa abu ya faru.

A shekara ta biyu da ta uku ake shiga ilimin cututtukan tunani da dabarun hira da gwaje-gwaje. Nan ne za ka saba da manyan kundaye biyu na rarraba cututtuka: na hukumar lafiya ta duniya OMS, wanda bugunsa na 11 ya fara aiki a Janairun 2022, da DSM-5 na likitocin Amurka da ya fito a 2013. Idan ka zo hutu gida, kada ka zauna a majalisa kana shan shayi wata biyu. Ka rubuta takardar neman sitaj na kallo a babban asibitin jiha ko a wata ƙungiyar agaji, ko da ba a biya ka dala ba.

Gargaɗi ɗaya: lisans ba ta mayar da kai sikolog ba. Na ga matasa da lisans suna buga kati suna karɓar masu jinya. Wannan wasa da rayukan mutane ne.

Mataki na 3: masta da sitaj, inda ake ƙera mutum

Tun kana shekara ta uku ka je sashe ka tambayi rassan masta da ke buɗe. Abin da kake nema shi ne reshen asibiti da cututtukan tunani, ba na ma'aikata ko na makaranta ba. Idan ka yi niyyar fita waje, akwai sassan sikoloji a Wagadugu, Lome, Kwatano da Abijan, kuma jami'ar Abijan tana da tsangaya guda ta ilimin laifuka. Ta Najeriya kuwa akwai Jos, Ibadan da Nsukka, ga asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya kamar na Kware kusa da Sakkwato da na Barnawa a Kaduna. Ko ina za ka, ka tabbatar da abu biyu kafin ka biya kuɗi: hukumar CAMES mai tantance takardun jami'o'in Afirka, mai mazauni a Wagadugu, ko ma'aikatar ilimi mai zurfi ta ƙasarmu, za ta amince da takardar? Sannan awa nawa za ka yi a gaban masu jinya na gaske, kuma wa zai duba aikinka? A Faransa, dokar 1985 ta kare sunan sikolog, ba mai ɗaukarsa sai da lisans da masta da sitaj na awa 500 a ƙarƙashin gwani. Ka ɗauki wannan adadi a matsayin mafi ƙanƙantar abin da za ka yarda da shi wa kanka, ko ba wanda ya tilasta maka.

A Yamai, wurin da kowa ya sani shi ne sashen ƙwaƙwalwa na babban asibitin ƙasa, wanda ake kira Pavillon E. Can za ka fara ganin abin da littafi ya kwatanta: saurayin da ke jin muryoyi suna zaginsa, matar da ta ruɗe sati biyu bayan haihuwa, ɗan kabu-kabun da tramol ya kai shi ga jijjiga. Watanni na farko bakinka a rufe, kunnenka a buɗe, kana rubutu a kusurwa. Daga baya a ba ka mutum ka yi hira da shi gwani na saurare. Daga baya a bar ka kai kaɗai, amma duk sati ka kai abin da ka yi a tattauna. Wannan zaman na mako-mako da wanda ya fi ka, shi ne karatun. Sitaj ɗin da ba shi da shi zaman banza ne da farar riga.

Bari in nuna yadda hirar farko take a wurinmu. Wata dattijuwa ce daga wajen Dakoro, surukarta ta kawo ta. Na ce, "Inna, me ke damun ki?" Ta ce, "Ɗana, kaina ke zafi kamar an ɗora garwashi. Wani abu na yawo a jikina, daga ƙafa ya hau ƙirji. Barci kuwa sai dai in ji ana yi." An yi mata gwajin zazzaɓin cizon sauro, an auna jini, ba a ga kome ba. Da na bi takardar tambayoyi kai tsaye na ce mata ko tana jin baƙin ciki, da ta ce alhamdulillahi, domin a wurinta amsa wannan tambayar butulci ne ga Ubangiji. Sai na roƙi surukar ta ɗan ba mu wuri, na tambaye ta yaushe abin ya fara. Ta ce bayan girbi. Me ya faru bayan girbi? Ta yi shiru har na ji kukan akuya a bayan katanga, sannan ta ce autanta ya tafi Libiya, yau wata takwas ba waya. Ba ta yi kuka ba, gefen zanenta kawai take murzawa. Daga nan aiki ya fara.

Darasin da ke ciki shi ne takardar shaidarka da Faransanci take, amma aikin da Hausa za ka yi shi. Ɗauki PHQ-9, tambayoyi 9 na auna ƙuncin rai, makinsu daga 0 zuwa 27. Ɗaya daga cikinsu na tambaya ko mutum na kasa tattara hankali wurin karanta jarida ko kallon talabijin. Me za ka ce wa Innar Dakoro? Sai ka tambaye ta ko takan manta raka'a nawa ta yi, ko takan sa gishiri sau biyu a miya. Haka gwaje-gwajen auna basira, WAIS na manya da WISC na yara: ma'aunin da ake kwatanta sakamakonsu da shi an ɗauko shi ne daga mutanen Turai da Amurka da suka yi makaranta. Almajirin da ya haddace izu sittin zai iya faɗuwa warwas a kansu, ba don ba shi da kai ba, don bai taɓa riƙe fensir ya haɗa hoto ba. Har gwajin zane-zane na Raven, da ake cewa ba ruwansa da harshe, yana da ruwa da makaranta. Ka koyi gwaje-gwajen da kyau, ka kuma koyi rubuta iyakarsu a cikin rahoto. Wanda ya ba alƙali lamba tsirara ba bayani ya yi zalunci da hannun kimiyya.

Sai maganar malamai da ƴan bori. Kusan duk wanda zai zauna a gabanka ya riga ya sha rubutu, an yi masa ruƙiyya ko hayaƙi, wani ma an kai shi gidan mai girka. Maraɗi ce fa. Idan ka buɗe baki da cewa babu aljanu, ba za ka ƙara ganinsa ba. Idan kuma ka biye ka ce iska ce, ka bar mai farfaɗiya ba magani. Ni abin da nake cewa shi ne: "Baba, a ci gaba da addu'a, ba ta hana magani. Amma a kwance masa mari, a daina duka, kuma gobe ku ga likita." Wannan hanya ba sabuwa ba ce a Afirka. Thomas Adeoye Lambo ya fara ta a ƙauyen Aro kusa da Abekuta a 1954, yana saukar da masu jinya tare da danginsu a gidajen mutanen gari, yana aiki da masu maganin gargajiya. Henri Collomb ya bi irin wannan tafarki a asibitin Fann na Dakar daga 1959. Ka karanta tarihinsu.

Abu biyu kuma da dole sitaj ya koya maka. Na ɗaya, gane lokacin da ciwon na jiki ne: zazzaɓi mai taɓa ƙwaƙwalwa, ƙarancin jini, ciwon maƙoƙo, farfaɗiya, duka na iya zuwa da kamar taɓuwa, kuma aikinka ka tura wa likita ba tare da jinkiri ba. Na biyu, iya tambayar mutum ko ya taɓa tunanin kashe kansa. Tambayar na da nauyi a bakin Bahaushe, amma yin ta ba ya sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi yake ji an tambaye shi. Ana bi a hankali: "Kin taɓa jin gara a ce ba ki farka ba?"

Memwar ɗinka na ƙarshen masta, ka zaɓi abin da ke ƙofar gidanku. Ƴan mata masu faɗuwa a aji a ce aljanu ne, matasa da tramol, matan da yoyon fitsari ya raba da mazajensu, yaran da ke tsare. Irin wannan batun shi zai buɗe maka ƙofar aiki.

Mataki na 4: aikin farko

Hanyoyin sanannu ne: hidimar ƙasa, konkur na shiga aikin gwamnati idan an buɗe, rajista a hukumar samar da aikin yi ANPE, sai ƙungiyoyin agaji. A jiharmu na ƙarshen nan ne suka fi ɗaukar sikolog. Tun 2019 dubban mutane suka tsallako daga Zamfara, Sakkwato da Katsina suna gudun ƴan bindiga, suka sauka a yankin Gidan Rumji, hukumar ƴan gudun hijira HCR ta zaunar da wasu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. A Madarunfa kuma Likitocin Na-gari Na-kowa, MSF, sun daɗe suna jinyar yara masu tamowa, kuma uwar da ke cikin ƙunci ba ta iya shayar da ɗa yadda ya kamata. Duka wannan aikin sikolog ne.

Kafin ka kai takardar neman aiki, ka san kayan aikin OMS guda uku, duka kyauta suke a intanet da Faransanci: shirin mhGAP na koya wa ma'aikatan lafiya kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, da aka ƙaddamar a 2008, taimakon gaggawa na kwantar da hankali mai ƙa'ida uku (duba, saurara, haɗa mutum da taimako), da PM+ na taimaka wa mutum shawo kan matsalolinsa, zama 5 na minti 90, sati-sati. A hirar ɗaukar aiki kusan ba a rasa tambaya a kansu.

Ka yi shekara uku zuwa biyar a nan, a ganina, kafin ka waiwayi kotu. Kuma ka koyi riƙe baki. Garin nan ƙarami ne, wadda ka saurara da safe za ka gamu da mijinta a ɗaurin aure da yamma. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Mataki na 5: kotu

A tsarin shari'ar da muka gada daga Faransa, gwani ba na mai ƙara ba ne, ba na wanda ake ƙara ba ne. Alƙali ne ke naɗa shi, galibi alƙalin bincike ko alƙalin yara, da takarda mai ɗauke da tambayoyin da yake son amsarsu da wa'adin kawo rahoto, kuma gwani na yin rantsuwa. Don haka matakin farko mai sauƙi ne: ka je babbar kotun Maraɗi wurin magatakarda da takardunka, ka tambayi yadda ake shiga cikin gwanayen da ake kira. Kafin nan ka karanta dokar hukunta laifuka da dokar tsarin shari'ar laifuka, waɗanda aka fara kafawa a 1961, da gyare-gyarensu, da dokar kotunan yara ta 2014. Ka zauna a zauren kotu ka saurari shari'u kamar kowa. Idan ka samu kwas na ilimin laifuka ko na nazarin waɗanda aka zalunta, ka yi.

Tambayoyin da ke zuwa iri uku ne. Na farko kan wanda ake tuhuma. Dokarmu ta ce babu laifi idan mutum ba ya cikin hankalinsa lokacin da ya aikata, ƙa'idar da ta samo asali daga sashe na 64 na dokar Faransa ta 1810. Yanke wannan magana bisa al'ada aikin likitan ƙwaƙwalwa ne. Kai ana tambayarka halin mutumin, basirarsa, tarihin rayuwarsa, da abin da zai taimaka a fahimci yadda ya kai ga abin. Na biyu kan yara masu laifi: wanda bai kai shekara 13 ba ba a hukunta shi, daga 13 zuwa 18 kuma alƙali na son sanin ko ya san abin da yake yi. Na uku kan wanda aka zalunta, mafi yawa yarinyar da aka yi wa fyaɗe: wane rauni abin ya bari a ranta, me take buƙata.

Ga yadda ake bi. Ka karanta dosiye duka kafin ka ga mutum. Ka je gidan kaso da takardar alƙali, ka nemi wurin da mai gadi zai gan ku amma ba zai ji ku ba. Jimlarka ta farko ita ce ta fi kowace muhimmanci: "Malam, ni ba likitanka ba ne yau. Alƙali ne ya aiko ni, kuma duk abin da ka faɗa mini zai iya shiga takardar da zan kai masa." A asibiti sirrinsa amanarka ce, a nan babu sirri, kuma haƙƙinsa ne ya sani. Daga nan ne dokar da ba a karyawa ta fito: wanda kake yi wa jinya ba ka zama gwanin kotu a kansa, wanda ka bincika wa kotu ba ka koma kana yi masa jinya. Taura biyu ba ta taunuwa. Ka gan shi sau biyu aƙalla, a ranaku daban. Mai ƙaryar hauka yakan cika gishiri, ya yi ta ihu da ganin dodanni, ya ce bai san sunansa ba, amma ka ji daga masu gadi yana cinikin sigari daidai da canji. Mai ciwon gaske sau da yawa ɓoyewa yake yi, yana rantsuwa lafiyarsa ƙalau.

Hira da yaro ita ce mafi haɗari, kuma a nan na yi kuskuren da har yau yake ci mini rai. Yarinya ce ƴar shekara bakwai. Ta yi shiru, ni kuma ina sauri, sai na ce, "Shi ne ya ja ki ɗaki, ko?" Ta ɗaga kai. Na rubuta a rahoto cewa yarinyar gaskiya take faɗa. Ranar zama lauyan wanda ake tuhuma ya miƙe ya ce in maimaita tambayar da na yi mata kalma da kalma. Na maimaita. Alƙali ya cire tabarau ya ce, "To, wa ya faɗi maganar, kai ko ita?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne." Mai yiwuwa abin ya faru da gaske, amma ni na lalata mata shaidarta da bakina.

Yaron Bahaushe an hore shi kada ya musa wa babba. Shi ya sa ake bin tsarin hira irin na NICHD, cibiyar binciken lafiyar yara ta Amurka: ka fara da hirar wasa da makaranta, ka gaya masa yana da izinin cewa "ban sani ba" da "ba haka ba ne", sannan ka buɗe tambaya: "Ba ni labarin abin da ya faru, tun daga farko." "Sai me?" "Kin ce ya ba ki alewa, ƙara gaya mini." Ba ka kawo suna, ba ka kawo wuri, sai wanda ya fito daga bakinsa. Ba yara kaɗai ba ne. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa manya fim ɗin haɗarin mota. Waɗanda aka tambaya da kalmar "ragargajewa" sun ƙiyasta gudu mai yawa fiye da waɗanda aka ce wa motocin sun bugi juna, kuma bayan sati guda da yawansu suka ce sun ga fasasshen gilashi, alhali babu shi. Kalma ɗaya ta canza abin da mutum ya tuna. Duk mai son aikin nan kuma ya karanta shari'ar Outreau a arewacin Faransa: an ci zarafin yara da gaske, an ɗaure mutum 4, amma wasu 13 da aka tuhuma aka wanke su a 2004 da 2005, bayan wasunsu sun shafe shekaru a tsare, kuma rahotannin masana halayya da suka tabbatar da maganar yaran na cikin abin da aka fi suka.

Rahoto kansa: takardar naɗi da tambayoyin alƙali, ranakun da ka ga mutum da harshen da kuka yi magana, abin da ya faɗa a cikin alamar zance, abin da ka lura da shi, gwajin da ka yi da iyakarsa, sannan amsar kowace tambaya a jimla biyu ko uku. Ka rubuta muhimman kalmominsa da Hausa ka sa fassara a gefe, domin "ya lalata ni" da "ya taɓa ni" ba abu ɗaya ba ne. Kada ka rubuta ya aikata ko bai aikata ba, kada ka rubuta gaskiya ce ko ƙarya ce, wannan kujerar alƙali ce. Idan an tambaye ka ko zai sake, akwai ma'aunai irin HCR-20 da PCL-R na Robert Hare mai maki 0 zuwa 40, amma suna buƙatar horo na musamman, kuma an gina su ne kan fursunoni da masu jinya na ƙasashen Yamma. Ka faɗi abubuwan da ke ƙara haɗari da masu rage shi, ka bar duba ga bokaye.

Sannan ka shirya wa baƙi. Da an ji kai aka naɗa, wani kawu zai zo da sallama bayan isha'i, wani zai bi ta wurin mahaifiyarka, wani zai aiko da buhun shinkafa a ce goro ne. Ka mayar da shi a daren, da ladabi, a gaban shaida. Idan wanda ake tuhuma ko wanda aka zalunta danginka ne, ko maƙwabci, ko surukin aboki, ka rubuta wa alƙali ya naɗa wani.

Dattijon Bagalam ya saurare ni har aka kira magariba, sannan ya maimaita tambayarsa ta abinci. Na ce masa albashin gwamnati irin na kowane ma'aikaci ne, ƙungiyoyin agaji sun fi biya amma kwantiragi ne mai ƙarewa, kuɗin kotu kuwa kada a gina ɗaki a kansa. Ya ce shekara nawa ke nan duka? Na ƙirga masa a yatsu: uku, da biyu, da waɗanda za ta yi a asibiti kafin alƙali ya san sunanta. Ya juya ya dubi ɗiyar ya ce, "Kin ji dai." Ta ce ta ji. Yanzu tana shekarar farko a Yamai. Kwanakin baya ta kira ni tana kukan ƙididdiga, ta kuma ce littafin kalmominta ya kai shafi goma sha ɗaya, har ta samu wata daga bakin kakarta da ba ta san yadda za ta faɗe ta da Faransanci ba: zuciya ta tsinke.